Ƙararrawar Hayaƙi a Ƙasar Zana da Kara: Wa Zai Canza Mata Batir?

Sharhin yau ya nufi gabashin jihar Maraɗi ne, gundumomin Tasawa da Mayahi, kuma batun wuta ya ɗauko.

Wanda ya zaga ƙauyukan Kanambakashe ko Urafan ko Maijirgi a ƙarshen watan Nuwamba zai ga arziki a tare wuri guda. Dammunan gero sun shiga rumbu, kara na jingine a bayan darni, an ɗora harawa bisa rumfa don kada awaki su kai gare ta, an sake zana sabuwa. A garuruwan da ke bakin Gulbin Kaba kuwa, ga busasshiyar kaba tuli-tuli tana jiran masu saƙar tabarma da masu tufkar igiya. Duk abin da aka lissafa ɗin nan, ƙwayar ashana ɗaya ta ishe shi. Kuma daidai lokacin ne iskar hunturu ke tasowa, sanyi ya sauka, a fara shiga da kaskon wuta ɗaki.

Mutanen jihar nan ba sa bukatar a ba su labarin gobara. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a makarantar AFN da ke birnin Maraɗi, ƙananan yara aƙalla 25 suka rasu, aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Watanni bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan ta faru a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta ci yara kimanin 20. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana a riƙa zaunar da yaran rainon makaranta a azuzuwan zana. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri.

Sai dai a faɗi gaskiya tun da wuri: ƙararrawar hayaƙi ba za ta ceci waɗancan yara ba. Da rana aka yi, kowa ido biyu, kuma zana ba ta ba da lokaci. Maganin wannan gini ne. Na'urar da ake magana a kanta, don wata wuta daban aka ƙera ta, wadda ke tashi ƙarfe biyun dare a ɗakin da aka kulle ƙofa aka toshe taga saboda sanyi. Maganin sauro na murɗe ya taɓa gefen katifa, ko kyandir ya narke ya zuba bisa ledar ƙasa, ko cajar waya ta yi zafi a ƙarƙashin matashi, ko wayar batirin sola ta haɗu. Irin wannan wuta ba ta fara da harshe. Ci take yi a hankali tana tara hayaƙi, kuma hayaƙin ne ke kashe yawancin waɗanda gobarar gida ke hallakawa, tun kafin wutar ta taɓa jikinsu. Katifar soso ta fi muni, don hayaƙinta na ɗauke da iska mai guba da ke sa mutum ya suma a kwance.

Da yawa sun ɗauka ƙauri zai tashe su. Ba ya tashe su. A 2004 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun gwada mutane masu barci da wari mai ƙarfi, suka tarar wari ba abin dogaro ba ne wajen tayar da mai barci mai nauyi, amma ƙara tana tayarwa. Hanci na barci tare da mai shi, kunne ne ke ɗan saura a faɗake. Nan ne dukkan hikimar na'urar take: ta ji hayaƙi a madadin hanci, ta sanar da kunne.

Abin ba babba ba ne, faɗinsa bai wuce murfin ƙaramar samira ba, farar roba mai ƴan ƙofofi a kewaye da maɓalli a tsakiya. Wani Ba'amurke mai suna Duane Pearsall ne ya fito da ta gida mai aiki da batir a 1965, aka shiga ƙera ta da yawa a wajejen 1975. Iri biyu ne a duniya. Ɗaya na aiki da ɗan ƙanƙanin sinadarin amerisiyam, ta fi saurin jin wuta mai harshe, amma Faransa ta hana amfani da ita a gidaje. Ɗayar kuma da haske take aiki: a cikinta akwai wani ɗan lungu mai duhu da siririn haske ke ratsawa, in hayaƙi ya shiga ya watsa hasken, sai wani ɗan ido ya gani, ta fasa ihu. Wannan ta biyun ta fi jin wuta mai ci a ɓoye, wato irin ta katifa da tsumma, don haka ita ta fi dacewa da ɗakunan Tasawa da Mayahi. Ƙararta kan kai desibel 85 daga nisan mita uku. Ba mai daɗin ji ba ce, kuma da gangan aka yi ta haka.

A Faransa doka ta wajabta ta a kowane gida tun ranar 8 ga Maris 2015, mai gida ya saka, mazaunin gida ya kula da ita. A Amurka, ƙungiyar NFPA mai bin diddigin gobara ta lissafa cewa kusan uku cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a gobarar gida, a gidajen da ba ƙararrawa ne ko kuma akwai amma ba ta aiki. Kashi na biyun nan shi ne ya kamata mai sauraro ya riƙe. Da aka duba waɗanda suka ƙi yin ƙara ranar da ake bukatarsu, kusan biyu cikin biyar an cire musu batir ko an zare shi, kusan ɗaya cikin huɗu kuma batirin ya mutu a ciki. Wannan fa a ƙasar da batir ke kowane kanti ke nan.

To a nan gida fa? Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, akasarinsu a karkara, kuma na'urar baƙuwa ce a yawancin gidaje. Inda za a fi cin karo da ita shi ne ofisoshin ƙungiyoyin agaji, ko gidan wani da ya sayo ta a tafiya. Amma kayan zamani ba sa neman izini kafin su shigo kasuwa. Haka sola ta shigo, haka fitilar caji ta kori ta kananzir. Gara a san yadda ake riƙon ta tun kafin ta cika shaguna.

Batir shi ne ranta, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Ƙararrawar da ke kasuwa kala uku ce ta wannan fuska. Akwai mai cin batir mai kusurwa huɗu, na bolt 9, mai maɓalli biyu a ka. Akwai mai cin ƙananan batura dogaye, irin na rimot da ƙaramar tocila. Akwai kuma wadda aka rufe batirin litiyam a cikinta tun daga masana'anta, ba a buɗewa, ana sa ran ya kai shekara goma, in ya ƙare a yar da ita baki ɗaya.

Kowace da matsalarta a ƙasar nan. Mai ƙananan batura, samun abincinta ba wuya, kowane mai tebur yana da su. Amma wannan sauƙin ne ajalinta. Daren da tocila ta mutu, ko rediyo ya yi shiru ana tsakiyar labarai, hannu zai miƙa sama a ce aro ne zuwa gobe, kuma kowa ya san goben aro. Mai bolt 9 ta tsira daga wannan, don batirinta ba ya shiga tocila ba ya shiga rediyo. Sai dai ba a kowane ƙauye ake samun sa ba; wurin masu gyaran rediyo da waya za a nema, su da ke sa shi a na'urar awon wuta, ko a shagunan kayan lantarki na Tasawa da Maraɗi. Mutumin Korgom ko Gidan Amumun da ya sayi irin wannan, ya haɗa da batir na ajiya tun ranar, ya bar shi cikin ledarsa. Kada a jefa shi tsirara cikin gwangwanin makullai da kwabbai: ƙarfe na haɗa maɓallan nan biyu, batirin ya yi zafi, wani lokaci har ya ta da wutar da aka saye shi don tsaronta. Ga mai hali, ta shekara goma ta fi kwanciyar hankali, ba don komai ba sai don ba a iya aron batirinta.

Ingancin batirin ma abin dubawa ne. Masu arha da ake sayarwa ɗaiɗai, waɗanda suka sha rana a kan tebur, ba sa daɗewa, kuma sukan yi yoyo su bar farin gari mai cin ƙarfe a mazauninsu. Alkalin ake so, kalmar na rubuce a jiki, tare da shekarar da zai daina aiki. Masu gyara na da al'adar ɗora mai bolt 9 a harshe su ji ko yana cizo. Cizon na nuna da sauran rai, amma ba ya nuna ko ran zai kai watan gobe.

Na'urar da kanta tana faɗa in batir ya kusa ƙarewa. Takan yi ɗan gajeren kuka, ƙit, ta yi shiru, bayan kamar minti guda ta sake. Ƙa'idar Turai ta ce sai ta iya yin wannan gargaɗi na kwana 30 kafin ta mutu. Abin haushin, yawanci tsakar dare take farawa, don sanyi na rage ƙarfin batirin da ya tsufa, kuma sanyin hunturu gab da asuba ya fi tsanani. Sai uwargida ta ce, “Malam, abin nan naka ya hana yara barci.” Malam ya hau turmi ya zare batir, kowa ya koma barci. Da safe hidima ta ɗauke hankali. Murfin na nan fari tas a sama, baƙo ya shigo ya yaba, alhali fanko ne. Gidan da ba shi da ita ko kaɗan ya fi wannan aminci, don shi aƙalla bai saki jiki ba.

Bayan batir sai ƙura. Waɗanda suka rubuta takardar bayanin da ke cikin kwali ba su taɓa ganin hazon Janairu a Mayahi ba, ranar da ake share ɗaki da safe a rubuta suna da yatsa bisa akwati da la'asar. Ƙurar nan na shiga lungun hasken. Ko dai ta riƙa watsa haske na'urar ta yi ta ihun banza, ko ta toshe ƙofofin hayaƙi ya rasa hanya. Gizo-gizo na yin yana a ciki. Zanzaro kuwa, da ba ya ganin rami ya ƙyale, yana iya liƙe ƙofa guda da laka cikin kwana kaɗan. Gyaran ba wuya: a sauko da ita, a bi ƙofofin da busasshen burushi mai laushi, a goge bayan da tsumma marar ruwa. Inda ake cewa sau biyu a shekara, a nan sai dai kowane wata muddin ana hazo. Ba a wanke ta, ba a fesa mata fiya-fiya, kuma ranar da za a yi wa ɗakin amarya fenti a cire ta tukuna, don fenti na rufe ƙofofin.

Sai zafi. Yawancinsu an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, abin da watan Afrilu a Tasawa ke tsallakewa ko a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Ɗakin da ke da silin, ko soro mai azara, a kafa ta a tsakiyar rufin, nesa da fanka, don hayaƙi sama yake fara taruwa. Ɗakin kwano tsirara kuwa, gara a sa ta a bango, ƙasa da rufin da abin da bai wuce santimita 30 ba, wajen da kwanon ba zai gasa ta ba kuma yoyon damina ba zai same ta ba. Duk da haka batir a irin wannan ɗaki ba zai yi kwanan da aka rubuta masa ba.

Akwai kuma hayaƙin da ba na gobara ba, wanda gidan Bahaushe ba ya rabuwa da shi. Turaren wuta kaɗai ya isa ya sa ta kururuwa kowace magariba. Ba a sa ta a madafa, ana nisanta ta da murhu da aƙalla mita uku, kuma a nemi mai maɓallin yin shiru, wanda in an danna take ɗauke murya na ƴan mintoci sannan ta koma gadi da kanta. Wannan maɓalli ya fi kyan kwali muhimmanci, don shi ke hana a kai ga zare batir.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A unguwar Khayelitsha ta birnin Cape Town, gobarar ranar 1 ga Janairu 2013 ta bar dubban mutane ba matsuguni. Gidajen kwano ne manne da juna, ana girki da kananzir a ɗakin da ake kwana, don haka ƙararrawar hayaƙi ba ta zaunuwa. Sai wasu matasa da suka fito daga jami'ar birnin suka ƙera wata na'ura mai suna Lumkani, wadda ba ruwanta da hayaƙi, saurin hauhawar zafi take aunawa. In ta gida ɗaya ta yi ƙara ba a kashe ta ba, sai ta tayar da na maƙwabta da ke cikin tazarar mita 60. Ga ƙauyen da darni ke jingine da darni, rumbu na kallon rumbu, wannan tunani na tayar da unguwa gaba ɗaya ya fi kusa da bukata fiye da na'urar da aka tsara don bene a Turai.

Wani abu da ƙararrawar hayaƙi ba ta ji sam shi ne iskar gawayi. Kaskon da ya yi jajir ba ya hayaƙi, amma yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, ta kwantar da mutanen ɗaki gaba ɗaya. Haka janareto da aka shigar zaure don tsoron ɓarayi. Irin wannan iska na'urarta daban ce. Wanda ya kafa ta hayaƙi ya ce yanzu ya samu lasisin kwana da gawayi, ya yi mummunar fahimta. Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na gidan da ya ƙone da dare a Madina, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Na'ura ba ta soke wannan ba. Kuma ba ta da abin da za ta yi wa ɗan ruwa-ruwa ko ɗan kabu-kabun da ke kwana da jarkokin fetur a ɗaki. Tururin fetur in ya samu tartsatsi, ihun ƙararrawa da tashin wutar tare za su zo.

Saura tambayar da ta fi kowace: aikin wa ne? A Amurka tun 1987 ake kamfe ɗin cewa ranar da aka juya agogo saboda sauyin yanayi, ranar ake canza batir. Nijar ba ta juya agogo, amma tana da abin da ya fi shi tabbas. Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, ranar ce ta sabon batir, ko tsohon ya yi kuka ko bai yi ba, don daga nan ne watannin wuta ke farawa kuma lokacin ne ɗan kuɗi ke hannu. Gwaji kuma duk ganin sabon wata: a danna maɓallin a riƙe har ta yi ƙara. Ba a gwada ta da ashana ko tsumma mai wuta.

Sai dai kaka na wucewa maza da yawa na yankin ke kama hanyar cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Watannin da haɗarin ya fi yawa, mata da yara da tsofaffi ne a gida. In maigida kaɗai ya san yadda ake murɗe murfin, to na'urar ta tafi cin rani tare da shi. Dole uwargida ta iya, babban yaro ya iya, a san inda batirin ajiya yake. A gidan da ke da ɗakuna da yawa kuma, guda ɗaya a ɗakin maigida ba ta gadin ɗakin amarya da ke can ƙuryar gida. Duk ɗakin da ake kwana a rufe yana son tasa.

Kada kuma a dogara da cewa yara za su ji. A wani gwaji da Jami'ar Dundee ta yi tare da ma'aikatan kashe gobara na Derbyshire a Birtaniya, yara 27 cikin 34 ba su farka ba ko sau ɗaya duk da ƙarar. Babba ne zai ji, shi zai ɗauko su. Shi ya sa ɗakin da aka tara yara su kaɗai, ko zauren da almajirai ke kwana, ke bukatar babba a kusa da zai ji ihun. In ta yi ƙara, a fita a duƙe don iska mai kyau a ƙasa take, a tsaya wuri guda a ƙirga kai, kada wanda ya koma ɗauko akwati. Makullin ƙofa ya kwana a wurin da hannu zai same shi cikin duhu, musamman a sababbin gine-ginen da aka yi wa tagogi da ƙarfe. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a kira, amma mutumin da ke ƙarshen hanyar rairayi ya san maƙwabta da bokiti da yashi ne za su riga kowace mota isowa. Mintocin da ƙararrawa ta ba shi su ne na tayar da su.

In da za a bi shawarar wannan sharhi, ba da gidaje za a fara ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara inda ake kwana da jarirai, makarantun allo masu ɗakin kwana, da shagunan kasuwa da masu gadi ke kwana a ciki, su ne wuraren da na'ura guda ke tsaron rayuka da yawa. Kuma duk hukumar gari ko ƙungiyar da za ta raba ta, ta rubuta sunan wanda zai riƙa gwadawa, ta ware kuɗin batir na shekara mai zuwa. Rabon kaya a ɗauki hoto a watse, an ga ƙarshensa a famfunan da suka tsaya saboda ƙaramin ƙarfe guda.

Mai saye kuma ya juya bayanta kafin ya biya. Ya nemi alamar CE da lambar EN 14604, wato ƙa'idar da Turai ta gindaya wa irin wannan na'ura, sannan ya nemi ranar da aka ƙera ta. Idon da ke cikinta na tsufa ko da batir sabo ne, shekara goma ake ba ta, kuma daga ranar ƙira ake ƙirgawa, ba daga ranar saye ba. Wadda ta yi shekara huɗu a sito a Kwatano ko Kano kafin ta iso Tasawa, shida suka rage mata, kuma wadda ba ta da kwanan wata ko kaɗan a jiki, a mayar wa mai shago abinsa.